Lahadi Ta Uku A Bencin Baya

Na ga saƙonninku, na kuma karanta su tas, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ji tsoron Allah in daina tona asirin mutane. 'Yar'uwa, na gode da wa'azi. Ki bari ki ji yadda aka yi da ni tukuna, in ya so ki dawo mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, sunana Zinariya Gambo, shekarata ashirin da huɗu. Bahaushiya ce ni gaba da baya, Kirista kuma tun daga kan kakana. Babana mai bishara ne a wani ƙauye bayan Gagarawa Tasha, shekara ashirin da biyu yana kula da 'yar majami'ar can, har ranar da maciji ya sare shi a gonar riɗi, ya cika kafin a iso da shi Gumel. Ba a rufa wata uku ba aka turo sabon mai bishara. Gidan da muke ciki na majami'a ne, don haka muka loda komatsanmu a bayan akori-kura muka dawo Gumel, muka kama ɗaki ɗaya a gidan haya. Ko gama jera kwanuka ba mu yi ba hawan jini ya kayar da Innata, Kande, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, yanzu sai da sanda take takawa. Riɗin da Baba ya bari kuwa an yanke an jingine yana shan iska, ruwan ƙarshen damina ya sauka a kansa kwana biyu, ya yi baƙi ƙirin.

Duk wannan ban taɓa ce wa Allah don me ba. Na yi kuka, na share hawayena, ran Lahadi na sa kayan kwaya na yi waƙa har muryata ta dishe. Abin da ya karya ni bencin baya ne.

A majami'armu in dattawa suka sa mutum a horo, bencin baya ake kai shi, wanda ke jikin ƙofa, kusa da inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Ba ka waƙa a kwaya, ba ka cin jibin Ubangiji, ba ka da bakin magana a cikin taro. Ko gobara ka hango sai dai ka taɓa na gabanka ya faɗa. Ba ka kuma tashi daga wurin sai ranar da ka tsaya gaban jama'a ka amsa laifin da aka ce ka yi, ka roƙi gafara. Wata biyar ke nan ina ɗumama wannan bencin.

Laifin nawa? Ina aikin tsince zoɓo a siton Alhaji Halliru a Maigatari, tsoho ne da ya ba saba'in baya. Wata Alhamis motar da ke dawo da mu ta lalace, ya kwaso mu mu huɗu a tasa. Ya sauke ukun a hanya, ni ce ta ƙarshe don gidanmu ne ƙarshen layi. Zan fita ya miƙo min ledar dabino da man shafawa ya ce in kai wa Inna. Wani ya ɗauke ni hoto ina karɓar ledar ta tagar mota, ina dariya.

Wanda ya kai wa dattawa hoton shi ne Filibus, saurayina na shekara uku, direban babbar mota mai shiga Nijar. Baba da hannunsa ya karɓi gaisuwar iyayensa. An ce har hawaye Filibus ya yi a gaban dattawan, wai ya daɗe yana lura da ni, wai ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na ce wa Dattijo Tanimu, shugaban dattawa, a kira matan nan uku a tambaye su. Ya ce ba a sa na waje cikin maganar ikilisiya. Alhaji da ya ji ya aiko cewa zai zo da ƙafarsa, aka ce ba a buƙata. Inna ta sa na bar aikin, na koma suyar awara a ƙofar gida. Kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku: tun daga ranar har yau Inna ba ta taɓa kallona ta ce kin yi ko ba ki yi ba. Na fi son ta tambaya ta mare ni da wannan shirun.

To, mako biyu da suka wuce ina zaune a mazaunina, Fasto ya buɗe takardar sanarwa. A wurinmu ana karanta sanarwar aure Lahadi uku a jere, kowace rana Fasto ya tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana, ya tashi ya faɗa. In ta uku ta wuce ba wanda ya tashi, bakin kowa ya rufu. Sai na ji sunan Filibus. Na ji sunan Afiniki, 'yar Dattijo Tanimu, wadda muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kwaya, wadda ni na koya mata riƙe murya ta biyu.

Mutane suka dinga waiwayowa ɗaya bayan ɗaya kamar an ce ga wani abu ya faɗi a baya. Na ƙura wa bokitin nan ido har aka tashi. Ina isa gida saƙon Filibus ya shigo.

"Zina ki yi haƙuri, haka Allah ya tsara. Ina yi miki addu'a kullum ki tuba ki dawo hanya."

Na karanta sau uku. Da yamma kuma wata ta manta ba a cire ni daga zauren kwaya na waya ba, ta turo hoton ankon biki, atamfa ruwan goro mai zanen ganye, ta rubuta, "'Yan mata a hanzarta, saura mako huɗu." Minti biyu aka cire ni. Awarar ranar ƙonewa ta yi, ko a jikina.

Munira ce ta kawo min makamin. Maƙwabciyarmu ce a gidan hayar, ɗakinta na kallon namu, ita ke kama min Inna in zan kai ta wanka. Mijinta Zayyad shi ma direba ne, hanyarsu ɗaya da Filibus. Ranar Alhamis bayan sanarwa ta biyu ina tace waken suya ta shigo da gudu, ɗankwalinta a hannu.

"Zinariya, ajiye matacin nan. Wanke hannunki."

"Lafiya?"

"Wanke hannunki na ce, kar ki ɓata min waya."

Hoto ne. Filibus cikin farar shadda, hula a karkace, rungume da jariri, ga rago a rataye a bayansa, ga wata doguwar mace da lalle har gwiwar hannu ta jingina da kafaɗarsa.

"A Dungas ne, can Nijar," in ji Munira. "Tana sayar da abinci a bakin duwan, wajen kwastan ɗin can. Zayyad ya ce duk direbobi sun sani, madam Filib suke ce mata. Bikin sunan jaririn nan wata takwas ke nan da yin sa. Wallahi sai da na yi kwana biyu ina masa naci kafin ya turo."

Wata takwas. Na ƙirga da yatsuna. Lokacin muna zaman makokin Baba, Filibus yana zuwa yana zama a tabarma tare da maza yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida, ashe daga wajen suna yake. Akwai kuma saƙon murya da matar ta tura wa Zayyad, da Hausarta ta Damagaram, tana cewa ya gaya wa Filib yaro ba lafiya, ya zo.

Kun san me na yi? Dariya. Na yi dariya har sai da Munira ta dafa ni ta ce in yi a hankali. Wata biyar ban ji daɗi irin na wannan lokacin ba. Na tura hoton da muryar cikin wayata, na shiga ɗaki.

Inna na zaune a bakin katifa tana tsince shinkafa da hannunta mai lafiya. Na sa mata wayar a cinya. Ta daɗe tana kallo, ta saurari muryar, sannan ta ce,

"Allah ya kyauta. Wannan yaron ya cuci kansa."

"Kansa? Inna, kansa ya cuta?"

"Ke 'yar nan, rage murya. Ki sa mayafinki gobe da safe ki je wajen uwar Afiniki, ki nuna mata a ɗaki, ku biyu. Su san yadda za su yi da 'yarsu."

"Ba zan je ba."

"Don me?"

"Don ni ba a ɗaki aka yi min ba. A gaban mutum ɗari da hamsin aka kira sunana, aka nuna min benci. A nan shi ma zai ji nasa. Lahadin nan mai zuwa ita ce ta uku. In Fasto ya tambaya, ke za ki tashi, tunda ni an ɗinke min baki."

Ta ture farantin shinkafar gefe.

"Ni matar Gambo in tashi a ɗakin Allah in tarwatsa taro? Ba da ni ba. Ke ba don Afiniki kike yi ba, don cikinki kike yi."

"Eh, don cikina nake yi. Ai rama cuta ga macuci ibada ne."

"Ba a gidan ubanki kika koyi wannan ibadar ba. Ramuwa ta Allah ce."

"To ya yi mana, Inna! Tun yaushe muke jira? Baba ya tafi, gida ya tafi, ƙafarki ta tafi, riɗi ya tafi, aikina ya tafi. Me ya rage da zai ɗauka kafin ya waiwayo mu?"

Ban taɓa faɗin irin wannan ba. Ni kaina sai da na tsorata. Inna ta jawo farantinta, ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba,

"Da za ki ji tawa, da kin je kin amsa musu an wuce wurin. Ki koma kwayarki. Na gaji da waiwaye in hango ki a bakin ƙofa."

In amsa musu. Maganar ta soke ni, don ban san me take nufi ba, in amsa don a huta, ko in amsa don tana ganin na yi. Amma a cikin zafin nan ne dabarar ta faɗo min. Wanda ya amsa laifi, nan take ake karɓarsa, nan take bakinsa ke buɗewa. Abin da ya rage in sani shi ne wanne ake fara yi, karɓar mai tuba ko sanarwa.

Ranar Juma'a da hantsi na sa doguwar riga mara ado, na yafa farin mayafi, na shafa fuskar tausayi, na tafi ofishin Fasto. Sabo ne, bai shekara da zuwa ba, mutumin kirki amma in Dattijo Tanimu ya yi tari sai ya miƙe. Na same su tare.

"Fasto, na zo ne in ce na shirya. Zan amsa."

Fasto ya ɗaga hannu sama ya ce, "Mun gode wa Ubangiji!" Dattijo Tanimu ya gyara zaman gilashinsa ya dube ni sama da ƙasa.

"Da kin yi haka tun farko, 'yata, da ba a kai nan ba. Girman kai rawanin tsiya."

"Haka ne, Baba. Yaushe ake kirana? Kafin sanarwa ko bayanta?"

"Bayan wa'azi kai tsaye," in ji Fasto. "Sai a yi miki addu'a ki koma cikin jama'a, sannan sanarwa."

Na sunkuyar da kai don kada su ga fuskata. Dattijo ya yago takarda ya rubuta min abin da zan karanta, da kyakkyawan rubutunsa na tsohon malamin firamare, ya ninke ya miƙo min. Na karɓa hannu biyu har da durƙusawa. A raina na ce, Baba, da hannunka ka ba ni wuƙar.

Ban buɗe takardar ba. Na cusa ta ƙarƙashin matashi, na ce kalmomi ne kawai, minti ɗaya an gama. Ranar Asabar na wanke atamfata shuɗiya, wadda Baba ya saya min Kirsimetinsa na ƙarshe, na goge ta da dutsen guga na gawayi har ta yi ƙyalli. Munira ta yi min kitso shuku, ta sa min wayar a caji a ɗakinta don kada a ɗauke wuta a ba ni kunya. Na maimaita abin da zan faɗa ya fi sau ashirin ina juya awara. Zan tashi a hankali. Zan ce ina da dalili. Zan taka har gaba, in kara wayar a bakin makirufo, duk majami'a ta ji madam Filib tana kiran mijinta.

Abu ɗaya ne ya gagare ni. Da asuba ni da Inna muna addu'a tare, ita ta fara ni in rufe. Safiyar Asabar da ta Lahadi ta gama tata tana jirana, na buɗe baki ba abin da ya fito. Ta jira, ta jira, sannan ta ce amin ita kaɗai.

Ranar Lahadi muka hau adaidaita, na kai Inna layin zumuntar mata, na koma bencina, wayar a soke a ƙugun zanina. Majami'a ta cika, don labari ya zaga cewa yau 'yar mai bishara za ta amsa. Filibus na layi na biyu cikin shadda ruwan toka, Afiniki na cikin kwaya da sabon gwaggwaro, tana ta sunne kai kamar ta Allah. Wa'azin ko kalma ɗaya ban ji ba.

"'Yar'uwarmu Zinariya Gambo, ki fito."

Na taka. Takalmina kaɗai ake ji. Fasto ya miƙo min makirufo, na warware takardar, sai a lokacin na ga abin da ke ciki.

"Ni Zinariya Gambo, na tsaya a gaban Allah mai ganin ɓoye, na amsa cewa na yi zaman banza da Alhaji Halliru na Maigatari, na kuma yi wa dattawa ƙarya da suka tambaye ni."

Na karanta sunana da ƙarfi. Na karanta "na tsaya a gaban Allah mai ganin ɓoye." Daga nan harshena ya tsaya.

Ku fahimce ni, ba tausayin kowa ne ya kama ni ba. Filibus na gabana, ina ganin jijiyar wuyansa, ina son in ga ranar da zai rasa inda zai sa fuskarsa fiye da yadda nake son numfashi. Layi biyu ne tsakanina da wannan ranar. Amma layin na cewa in kira Allah shaida a kan abin da ya san ban yi ba, in kuma ɓata sunan tsohon da ya aiko wa Innata man shafawa. Na rasa gida, na rasa uba, na rasa miji da aiki, duk ina gaya wa kaina aƙalla Shi ya san gaskiyata. In na karanta wannan, da wane baki zan sake kiransa?

Na ɗago ido na nemi Inna. Ba kallona take ba. Ta runtse ido, ta damƙe kan sandarta da hannu ɗaya, ta takure kamar mai jiran a sauke mata duka. Nan na gane amsar tambayar da ba ta taɓa yi min ba. Ba ta sani ba. Wata biyar tana kwana da ni a ɗaki ɗaya ba ta sani ba, kuma duk abin da na faɗa yanzu shi za ta tafi da shi kabari.

"Ci gaba, 'yata," in ji Dattijo Tanimu daga kujerarsa.

Na ninke takardar.

"Ban yi ba."

Makirufo ya kai maganar har waje. Wata ta ce, "Kai!"

"Wata biyar da suka wuce na ce muku ban yi ba, yau ma ban yi ba. Na zo nan da niyyar in yi ƙarya don biyan wata buƙata tawa, wannan kam laifina ne, Allah ya gafarta min. Amma abin da ke cikin takardar nan ban yi ba, bawan Allahn nan ma bai yi ba. In sai na ce na yi za a karɓe ni, to ku bar min bencina."

Na ajiye takardar a kan teburin Fasto, na juya. Hanyar komawa ta fi ta zuwa nisa. Na zauna kusa da bokiti, wayar na tokare min ciki. Kada wata ta rubuto min cewa na yi abin kirki. Ban yafe ba, ko kusa. Ina zaune ina cizon leɓe ina ce wa kaina, sakarya, kin riƙe shi a hannu kin sake.

Fasto ya yi gyaran murya sau biyu, ya kalli Dattijo, Dattijo ya yi masa alama da hannu ya wuce. Ya ɗauko takardar sanarwa.

"Wannan ita ce sanarwa ta uku kuma ta ƙarshe, tsakanin ɗan'uwanmu Filibus da 'yar'uwarmu Afiniki. In akwai wanda ya san dalilin da zai hana a ɗaura wannan aure, ya tashi ya faɗa yanzu."

Ba wanda ya tashi. Fanka na juyawa. Filibus ya ɗan karkato da kai, ya kalle ni ta wutsiyar ido, ya yi murmushi. Na runtse ido na ce, ya Uba, ka gani dai. Ita ce addu'ata ta farko cikin kwana biyu.

Fasto ya fara ninke takardar. Sai na ji ƙarar sanda a kan siminti.

Inna ce. Ta dafa bencin gabanta tana ƙoƙarin miƙewa, ƙafar ta ƙi, ta koma, ta sake yunƙurawa. Matar da ke kusa da ita ta kama mata hannu, ta fizge. Sai da ta tsaya cak da kanta, ɗankwalin zumunta ya zame mata gefe, tana haki.

"Mama Kande, lafiya?" in ji Fasto.

"Fasto, ni dai ba a horo nake ba, ko?"

"A'a, Mama."

"To ina da magana."

Ba ta kalli Filibus ba, ba ta kalli Dattijo ba. Ta juyo da jikinta gaba ɗaya, a hankali, har ta fuskanci bencin baya, hawaye na bin ɓarin fuskarta da ya shanye. Ta miƙo hannu.

"Ke 'yar nan, kawo min wayar nan."